Haƙoran Inna Gwamma da Amaryar Aro

Kun taɓa ganin tsohuwar da ta daina magana alhali lafiyarta ƙalau? To, a Rafin Gawo an yi Inna Gwamma, mai guɗar da babu bikin da ke cika sai da muryarta. Mijinta ya rasu, 'yarta Lantana na aure a birni, sai ɗanta Nomau ya rage mata, ƙato mai gemu, wanda abin da ka faɗa masa shi zai yi, ba ragi ba ƙari. Da haƙoranta suka zube, Lantana ta sa aka yi mata na roba. Na sama suka zauna daram. Na ƙasa kuwa, da ta ɗaga harshe sai su yi tsalle.

Wata rana Lantana ta ce, "Nomau, haƙoran nan a ruwa suke kwana, ka ji?" Ya ce ya ji. Da safe Malam Barau maƙwabci ya shigo gaisuwa, aka ɗebo masa ruwa a randa, ya kai moɗa baki, sai ga haƙora suna yi masa murmushi. Ya yi salati ya watsar. Nomau ya ce, "Baba, a hankali, ba su gama tashi ba."

Wata rana kuma za a je suna, Lantana ta ja kunnensa ta waya: "Kada ka bari su faɗi ƙasa." Ya ɗauki ƙwarya ya bi Inna har tsakar gidan mata, ya tara ta a ƙarƙashin haɓarta. Inna ta ce, "Kauce, ɗan nema!" Bai kauce ba. Aka fito da jariri, Inna ta rangaɗa guɗa, haƙoran suka faɗa ƙwaryar, ƙwal! Ya ɗaga su sama yana murna: "Ba su taɓa ƙasa ba!" Mata suka tuntsire da dariya. Inna ta rufe baki da mayafi ta koma gida. Daga ranar ta yi shiru. In an gaishe ta sai ta gyaɗa kai. Nomau yakan zauna bakin ƙofarta yana tambaya, "Inna, ni ne na yi laifi?"

Wata rana ya tafi asibitin garin shi kaɗai, ya gaya wa likitar haƙori. Ta ce, "Ka kawo ta, ka zo da abin da ke sa su faɗi, in gani da idona." Ya yi tunani: guɗa ke fitar da su, amarya ke sa guɗa. Ranar kai amarya Hajo, 'yar Malam Barau, ya ajiye Inna a asibiti, ya je ya kwanta a gaban motar amarya. Abokan ango suka yi masa duka, bai tashi ba. "Aro kawai nake so, likita ce ta ce." Hajo ta ce a ƙyale shi, za ta bi shi, ai Inna ce ta yi guɗar sunanta.

Inna na zaune a kujerar likita sai ga Nomau, leɓe a fashe, amarya lulluɓe a bayansa. Zuciyarta ta ce Allah ya karɓi addu'arta, ɗanta ya samu mata. Guɗa ta ƙwace mata, haƙoran suka yi waje. Likita ta ce, "Yawwa! Inna, sake ɗaga harshen." Ashe gefen robar ya yi zurfi, ya hau naman da ke motsi ƙarƙashin harshe, shi ke ture shi. In kuma aka rage shi fiye da ƙima, ba zai manne ba. Ta riƙa kankarewa kaɗan-kaɗan, Inna na motsa harshe da kumatu, har ya zauna.

Sannan Inna ta ce, "Ɗan nan, 'yar wane gida ce?"

"Ta aro ce, Inna. Yanzu zan mayar musu."

Ta share masa jinin leɓe da bakin mayafinta, ta juya ga Hajo ta rangaɗa guɗa mai tsawo, hawaye na zuba. Haƙoran ba su motsa ba.

In akwai tsohon da ya yi shiru a gidanku tun da aka sa masa haƙoran roba, don Allah ku mayar da shi wurin likita a duba gefensu, ku ce a sa shi ya ɗaga harshe.