Ungozomar Ƙullu

"Lafiya lau, amarya. Ina gajiyar boko?"

Malam Sallau ke nan, tsohon mai gasa burodi a unguwar Birni ta Damagaram, yana amsa gaisuwar jikarsa Zuwaira. Ita kuwa ba zumunci ya kawo ta ba. An ɗauke kuran, wato wutar lantarki, a ɗakin gwaje-gwajen jami'a, yis ɗin da take bincike a kansa, ƙwayar nan mai kumbura ƙullu, ya mutu, ga malaminta yana jiran sakamako. Dabara ɗaya ta rage mata, tsohon tsamin da kakan yake rayawa a tukunya tun kafin a haifi uwarta, wanda ba ya ba kowa.

"Angona, tsami na zo ka ɗibar min."

"Wanda kika ce warinsa na korar baƙi?"

"Da tsohuwar zuma ake magani."

"Matan kirki fura suke kawo wa mazansu, ke kin zo roƙo. Me za ki yi da shi?"

"Haihuwarsa zan kalla."

"Yis ɗin? Wa ya ɗaura masa aure?"

"Ba ya aure, ya fi ka wayo. Ƙwayar ce take fitar da ƙullutu a gefe, ya girma ya ɓalle. Ni kuma in ɗiga musu shuni a ƙarƙashin madubin ƙara girma, in ga yaushe fatar ƙwayar take barin abu ya shige, yaushe take hanawa."

"Wato duk karatun nan, ungozomar ƙullu kika zama."

"Gara ni. Kai shekara nawa kana jefa masu jego a wuta?"

Tsoho ya shafa gemu, ya sake shiri. "To fatar nan ƙofa gare ta?"

"Irin ta kunnenka. In an ce tuwo ya sauka, a buɗe take. In Kaka Ladi ta ce a gyara katanga, sai ta rufe."

Daga ɗaki muryar matarsa Ladi ta fito. "Binciken nan ya yi, a ba ta takardarta."

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi," in ji Sallau. Ya jawo tukunyar, ya cika mata kwalba. "Amma in sun haihu, ina jiran goron suna."

"Kai za ka raba ai, tunda kai ne uban. Kuma kafin la'asar sun fi mutanen Damagaram yawa. Kowanne da ragonsa."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sannan ya zaro burodi mai zafi ya ɗora mata a hannu.

"Ungo, a ce an yi sunan. Tafi kafin ki karya ni."