Injiniya Ba-Kafa Ya Tsare Kwamfutar Madam Lami

A yankin Kaduna, daga Kawo har Katabu, babu wanda ya san cikin kwamfuta kamar Injiniya Ila. Babu mai musun haka, tunda shi da bakinsa ya faɗa. Ya yi wani ɗan kwas a Legas, ya dawo da takardar shaida mai ruwan zinariya, da jaka mai makulli, da tabarau wanda idonsa bai taɓa buƙata ba. Sana'arsa, in ji shi, ita ce bin rubutun furogiram layi-layi, wato umarnin da ake tsara wa na'ura, don ya gano kafar da ɓarawo zai iya bi ya toshe ta. Mutanen Hayin Banki ba sa barin babban mutum babu laƙabi, sai suka sa masa Injiniya Ba-Kafa. Ya ji daɗi har ya sa aka buga a katinsa.

A shekarar 1996 Madam Lami, mai wata makarantar kuɗi a unguwar, ta shiga damuwa. Makin ɗalibanta kaf yana cikin kwamfuta ɗaya a ofishinta, ga raɗe-raɗin wai ana shiga ana ƙara wa wasu maki. Iyaye har sun fara maganar cire 'ya'yansu. Ta aika aka kira Injiniya.

A kan acaɓa ya zo, amma ya sauka a kwanar layi, ya ƙarasa da ƙafa yana kaɗa makullin mota.

"Madam, kin yi sa'a ina gari," ya ce. "Irina a Arewa ba mu da yawa. In an tsananta bincike ma, ni kaɗai ne."

Ya sa aka buga rubutun furogiram ɗin a doguwar takarda, ta taso daga tebur har baranda. Ya bi ta da jan biro. Duk layin da bai gane ba sai ya kewaye shi ya rubuta "haɗari". Kafin a tashi, takardar ta yi jawur.

A yi masa adalci, ya gano abu guda na gaske: kalmar sirrin buɗe makin "LAMI" ce, kuma tana nan rubuce a fili cikin furogiram ɗin. Sai da ya sa aka tara malamai suka tsaya a rana kafin ya sanar. Ya canza ta, ya ƙara wasu a kanta, har Madam da kanta sai ta yi ta fama kafin ta shiga.

Sai kuma ya ce kwamfuta ba ta son zafi. Na'urar ta yi shekara da shekaru tana aiki da fanka ba ta yi ƙorafi ba. Shi ne dai yake jiƙewa cikin kwat. Aka sayo iyakwandishan, aka yanke ƙarafan taga don ta samu wurin zama. Mai walda ya ce zai dawo ya yi mata keji wani satin.

"Injiniya, tagar nan fa?" in ji Madam Lami.

Ya yi murmushin tausayi. "Madam, ɓarawon zamani ba ta taga yake shigowa ba. Ta cikin layin rubutu yake bi, ni kuwa ban bar masa kafa ko ɗaya ba."

Ranar Asabar da rana, duk makarantar ta tafi coci bikin auren wata malama, har da maigadi. Wani ɓarawo, wanda labarin zamani bai kai gare shi ba, ya zare iyakwandishan ɗin, ya shiga ta tagar, ya fito da kwamfutar. Iyakwandishan ɗin ma bai bari ba.

Litinin da safe Injiniya ya tarar da Madam zaune ta zuba wa tebur ido. Ranar Juma'a iyaye za su zo karɓar sakamako. Malamai sun yi cirko-cirko a bakin ƙofa. Ganin jama'a, sai ya gyara wuyan kwat.

"Ku kwantar da hankalinku. Yau ce ranar da aikina zai nuna kansa. Ko Babbar Kasuwa suka kai ta, ko Legas, babu mahalukin da zai buɗe ta. Asirin makarantar nan a rufe yake."

Madam ta ɗago ta dube shi. Ta numfasa.

"To, mun gode Allah da muke da kwafi. Ina faifan nan da nake ajiyewa a gida, wanda ka karɓa ka ce barinsa a hannuna haɗari ne? Ba ni shi, mu je mu ari kwamfuta a buga sakamakon."

"Madam, ai ba zan bar abu mai daraja haka a durowa kowa ya ɗauka ba. Na adana shi a wurin da ya fi ko'ina tsaro a duk Kaduna."

"Ina ke nan?"

Injiniya ya dubi teburin. Muryarsa ta yi ƙasa, har sai da malaman suka matso kafin su ji.

"Cikin kwamfutar."