Farfesan Akwati

Gwarzo ta yi dace da Allah ya ba ta Malam Badamasi, wanda majalisar bakin tasha ta naɗa Farfesan Akwati. Shagon cajin waya gare shi, amma wannan rufin asiri ne kawai. Ainihin aikinsa bincike ne. A wasan yaƙin da samari ke bugawa a waya akwai wani akwati da sai an biya ake buɗewa, a samu takalmi ko hula, in da rabo kuma rigar zinare. Masu kamfanin wasan sun ce mutum ɗaya cikin ɗari ke samun rigar. Farfesa ya gyara zaman tabarau, ya ce ya gano lagonsu.

"Jama'a, wannan ba caca ba ce, kada wani ya haɗa ni da Hisba. Adashe ne! Duk wanda ya zuba sai ya kwasa. Ka buɗe casa'in da tara ba ka samu ba, na ɗari dole naka ne. Da gajen haƙurinku kamfanin ke cin riba, don kuna janyewa kafin layi ya zo kanku."

Wani ya tambaya wace ce uwar adashen. Farfesa ya ce wannan ba tambayar ilimi ba ce.

Ya buɗe na ɗari, aka ba shi safa. Ya ce lissafi daidai yake, sabis ne ya yi rawa, ya sake sabon lale. A shekarar da farashin mudu ke tashi tsakanin azahar da la'asar, buhun masara ɗaya ya rage a ɗakin matarsa Uwaliya, shi ake fata ya kai iyalin zuwa kaka. Farfesa ya raɗa masa suna "jari mai barci", ya ɗaure a babur ranar kasuwa. Ribar da ya kawo gida hula ce mai kunnuwan zomo, ita ma a cikin waya.

Abin ya ƙona wa Uwaliya rai matuƙa. Ranar Juma'a Farfesa ya gayyato mabiyansa daga Kabo cin abincin rana, su sha sabon lissafi. Aka fito da kwanuka a rurrufe, aka jera reras a zaure. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya buɗe na farko: wayam. Na biyu, cokali. Na uku ma wayam. Baƙi suka dubi juna.

Ya leƙa cikin gida, murya ƙasa-ƙasa. "Uwaliya, ina tuwon?"

Ta amsa daga tsakar gida yadda har na bakin ƙofa zai ji: "Daure dai, Farfesa, ci gaba da buɗewa. Na ɗari dole naka ne."