Yadda Za Ka Tantance Asun Da Ya Ci Kwat Ɗin Yayan Matarka

Ka ari kwat ɗin yayan matarka ka je neman aiki. Aikin bai samu ba, ka cusa ta a kabad ka manta, asu ya mayar da bayanta rariya. Yau ga Yaya a falo, ya zo karɓar abarsa. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, na yi maka alkawari shi zai ba ka haƙuri.

1. Samo mai laifi

Kada ka fito da kwat tukuna. Kama duk wani faɗa-wuta da ka gani manne da labule, ka kife shi da kofin gilashi a kan tebur. Ko bai taɓa leƙa kabad ɗinka ba, ba komai. Ba shi da bakin musu.

2. Fara daga kai

Saka tabarau a ƙarshen hanci. Nuna wa Yaya eriyar ƙwaron. In kamar gashin tsuntsu take, ka ce namiji ne. In siririya ce kamar zare, girgiza kai kawai. Rabin ilimi girgiza kai ne.

3. Koma kan fukafukai

Bi zanen da tsinken sakace: ɗigon nan, layin can, yadda ya kife su a bayansa kamar rufin kwano. Dangwali hodar da ke jikin fukafukan ka shinshina. In Yaya ya dubi agogo ya yi maganar kwat, ka ce can muka nufa.

4. Raɗa wa ƙwaron suna

Dogo, mai sarƙe harshe. Kada ka yarda ka maimaita, don ba za ka tuna ba.

5. Yanke hukunci

Bayyana wa Yaya cewa wannan jinsin ba ya zaman gidan haya, sai gidan da ke da kafet da na'urar sanyi, wato irin nasa. Yanzu ka ɗauko kwat ɗin, ka ɗaga ta saitin taga haske ya ratsa, ka sassauta murya:

"Yaya, ashe da ƙwansa ka ba ni ita. Amma ba komai, mun yafe."

6. Matarka

Ka aike ta unguwa tun kafin mataki na ɗaya. In kuwa tana ƙofar kicin tana saurare, za ta gaya wa yayanta cewa ta sayo kafur na korar asu ta miƙa maka hannu da hannu, ka ce warinsa na sa ka atishawa. Wannan jinsin har yau masana ba su gano maganinsa ba.

Sanarwa: Marubucin ba shi da hannu a yaji, gaba, ko duk abin da ya samu ƙeyarka. Kuma kada ka zo gidansa aron kwat.