Rasuwar Haƙorina na Gaba a Zauren Surukai

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda fushin cikinta ya ma fi baƙin cikin yawa, ni Aƙilu Maishanu na Kachalla Sembe nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar haƙorina na gaba, na sama, ɓangaren hagu. Ya rasu ranar Asabar bayan azahar a garin Lau, a zauren Malam Jibrilla, mahaifin Rauda, yarinyar da nake nema da aure.

Marigayin ba haifaffen bakina ba ne. Na asalin ya karye a hanyar Iware ranar da mai babur ya zubar da ni, tun kafin in san Rauda. Likita ya gyara guntun da ya rage, ya ɗauki hoton bakina, na'ura ta buga wannan da wata irin roba, aka liƙa shi a kai. An ce na wucin gadi ne, ya riƙe wurin kafin a kawo na dindindin. To ya riƙe. Shi Rauda ta fara gani a wani taron karatun waƙa, shi ta yaba, ta ce murmushina ya fi baitocina kyau. Ban gaya mata na roba ne ba, shi ma bai taɓa tona ni ba.

Mai haƙuri ne, bai san ciwo ba, bai san tsami ba. Yakan yi siririn fito idan na ce sannu, da ɗan ƙwal idan ya gaisa da bakin kofin shayi. Abin da yake buƙata a duniya kaɗan ne, buroshi mai laushi da ruwan sanyi. Likita ya faɗa, ni ma na faɗa a gida, da Hausa na faɗa, da Fulatanci na maimaita.

Ciwon ajalinsa ya soma ranar Juma'a da safe. Liƙin ya saki, ya faɗo lafiya ƙalau, na ajiye shi cikin kofi a kan taga, na fita neman likita. Sai Adda Asta, yayata, ta gan shi. Duk wanda ya san Adda ya san tukwanenta, har fuska ake dubawa a jikinsu. Ta ga ɗan jan shayi a gefensa, ta yanke hukunci ba zai je gidan surukai ya zubar mana da mutunci ba. Ta jiƙa shi a sifirit na wanke ciwo ta tafi cefane. Ta dawo ta tsoma shi a tafasasshen ruwa. Sannan ta kawo toka da soson ƙarfe ta dirje shi kamar gindin tukunya. Haƙori fa, ba murfin kwano ba.

Da na kai wa likita shi, ya ɗaga shi a haske. Ya nuna mini tsagogi sirara kamar gashi. Ya ce sifirit ya cinye ƙarfinsa, zafi ya lanƙwasa shi, soso ya kankare bayansa, sabo kuma ba zai samu ba sai mako mai zuwa. Ya mayar da shi, ya ce kada in ciji komai mai tauri.

A Lau, Malam Jibrilla da hannunsa ya miƙo mini soyayyen kifi, wanda ya soyu ƙarau. "Ci mana, yaro, ko abincinmu bai yi maka ba?" Wa zai mayar da hannun suruki? Na ciza. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce ƙas. Rabinsa ya faɗa cikin faranti, fari tas, a gaban baffannin Rauda. Jawabin da na tsara kuwa, ta bayan tafin hannu na yi shi.

Na karanta labaran masoyan da yaƙi ya raba, da waɗanda teku ya raba. Ban taɓa cin karo da wanda soson ƙarfe ya shiga tsakaninsu ba.

Ya rasu ya bar guntun haƙori mai jin iska, da maƙwabta biyu, da harshen da ya kasa daina leƙa wurin, da Adda, wadda har yanzu abin da take faɗa shi ne, "Ai dai ya fita fes." Ban ɗaga mata murya ba, yayata ce. Shi ya sa nake rubutawa.

Za a yi jana'iza a gindin mangwaron bayan gidanmu. Adda ba za ta yi wa gawar wanka ba. Masu zuwa ta'aziyya su bar dariyarsu a ƙofa. An ɗaga lokaci zuwa Laraba da la'asar, domin rabin gawar yana Lau. Rauda ta aiko cewa ita ta tsince shi daga farantin, ita kuma za ta kawo shi da kanta, kuma tana so ta ji daga bakina, ba hannu a kai, ko akwai sauran abin da yake na roba a cikin abubuwan da na nuna mata. Zan tsaya a bakin kabarin, baki buɗe, in ba ta amsa.