Rasuwar Ɗan Baƙi, Injin Jirgin Mai Fito

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsami, Mai Fito na mashigar ƙasa yana sanar da 'yan uwa da fasinjoji rasuwar injin kwale-kwalensa, wanda aka fi sani da Ɗan Baƙi. Rai ya yi halinsa ranar kasuwa da hantsi, a tsakiyar kogi, yana bakin aiki.

Marigayin ƙarami ne, mutum ɗaya ke saɓa shi a kafaɗa, amma bai taɓa raina kaya ba. Ja biyu ake yi wa igiyarsa ya amsa, "tu-tu-tu-turrr", ko ana ruwan sama. Shi ya tsallaka da uwargidan Mai Fito asibiti tana naƙudar autarsu, kogi ya cika ya batse, bai yi ko tari ba. A duk rayuwarsa abu ɗaya ya roƙa: a gauraya masa fetur da man da aka yi domin injin ruwa irinsa, daidai awo.

Ciwon ajali ya faro ne daga alheri. Ƙanin uwargida, direban babbar mota, ya kawo galan na baƙin man da ya rage masa, ya ce ai mai duk mai ne, wanda ya riƙe tirela ba zai kasa riƙe wannan ɗan tsurut ba. Mai Fito ya jujjuya galan ɗin, ransa bai kwanta ba. Amma suruki ne, ga uwargida a tsaye tana kallo. Ya yi godiya, ya zuba.

Marigayin bai yi ƙorafi ba. Hayaƙi ya fara yi, sannan tarin safe. Fulogi ya riƙa yin baƙi, ana gogewa yana komawa. Bakanike ya shinshina tankin, ya dubi Mai Fito, ya tambaya ko akwai wanda marigayin ya taɓa ɓata wa rai.

Ranar ƙarshe yana ɗauke da mata masu tumatir. Ya ce "tu-tu", ya ce "ƙir", ya yi shiru. Mai Fito ya ja igiya har tafin hannunsa ya saɓule, fistin ya riga ya ƙame. Ruwa ya tafi da su har gaba da kasuwa, matan suna kallon rumfunansu suna wucewa.

Marigayin ya bar kwale-kwale ɗaya, da farfela mai sauran ƙarfi, da tanki, da iyalin da shi ke ciyar da su. Ya kuma bar rabin galan, wanda har yau babu mai gadonsa.

Za a kwance gawar gobe da safe a gindin bishiyar bakanike, inda za a raba sassan da ke da sauran amfani ga injina mabuƙata. Ana karɓar gaisuwa a bakin gaɓa. Masu zuwa daga tsallake, Mai Fito zai ɗauko su kamar kullum, sai dai ana roƙon kowa ya taho da filafilinsa.