Ranar da Na Kira Ba-Birki a Lasifika

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba ya samo asali ne daga wata 'yar ƙarya da na yi, wadda na yi wata guda ina jin tsoron ranar da za ta tonu. Malama Hadiza, mai kula da ɗan ɗakin karatun unguwarmu a Jibiya, ta tambaye ni ko na gama firamare, na ce mata eh. Gaskiyar magana a aji huɗu na tsaya. Ina iya karatu, amma irin na haɗa baƙi da wasali, ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na kai ƙarshen kalma nake sanin abin da bakina ya faɗa. Wani lokacin ma ko na kai ɗin ban sani ba.

Da wannan eh ɗin ta saka ni cikin kwamitin tsara shirye-shiryen tsofaffi. Ta ce ni na san duk tsofaffin matan unguwa, na san mai ciwon gwiwa da wadda ba ta ji sosai. Wannan kam gaskiya ne. Ni na ce a sa zaman da hantsi, kada ya faɗa ranar kasuwa, kuma a shimfiɗa tabarmi don ba kowa ke son benci ba. Duk aka karɓa. Amma da na ga an ɗauko takarda sai na tuna cewa goyona yana son nono.

Aka yanke cewa tsofaffin da kansu za su zaɓi abin da suke so. Kowa ya faɗa wa magatakarda, shi kuma ya rubuta a kati, suna a sama, buƙata a ƙasa. Ranar taron ni aikina rabon zoɓo, na zaɓe shi da kaina. Sai ga Malama ta zo da mura, muryarta ta dushe. Ta damƙa mini katunan da abin magana, ta ce, "Maman Abba, taimaka. Ki kira suna, in ya amsa ki karanta buƙatarsa."

(Abba ɗin nan sunan surukina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Shekara biyar ina gidan, sunan nan bai taɓa fita daga bakina ba. Ko a wurin rigakafi kati nake miƙa wa ma'aikaciya ta duba da kanta.)

Na tsaya, idona a kan kati. Ban ko kalli ɓangaren maza ba. Na farko wata Hajiya ce daga Bugaje, tana son a riƙa karanta masu takardun magani. Na ja shi da ƙyar, ya fita. Na biyu yana son a ɗauki muryoyinsu suna ba da tarihin garin kafin su ƙare. Na uku tana son a koya mata kiran jikokinta na Maraɗi ta waya yadda za ta ga fuskarsu. Da na kai na biyar sai na ji kaina ya fara girma. Har na gyara mayafi. Har na ƙara murya.

Kati na shida. Na haɗa baƙaƙen sunan farko, na sake shi a lasifika, hankalina duk yana kan kalmar gaba. (Ba zan rubuta shi nan ba, sau ɗaya ma ya ishe ni.) Na biyun ya ba ni wahala: "Ba… Bir… ki. Ba-Birki!"

Ba wanda ya amsa. Ni kuwa da na ga na iya, sai na maimaita sunan gaba ɗaya, da irin muryar da nake kiran yara in sun yi nisa. Na ƙara da, "Wai ina Ba-Birkin ne? Ko ya tafi?"

Daga can bayan maza wata murya da na sani kamar tafin hannuna ta ce, a hankali, "Na'am, ɗiyata. Ga ni nan, ban tahi ba."

Surukina. Baban mijina. Mutumin da nake durƙusawa tun daga zaure in gaishe shi, wanda da safen nan ya ce shi ba ya zuwa taron karatun tsufa. Ashe abokinsa Alhaji Mamman, wani tsohon direba ɗan Maraɗi, shi ya jawo shi, shi ne kuma ya ba magatakarda sunan da ake kiran Baba da shi a tasha lokacin yana jan mota. A gidanmu ba wanda ya taɓa faɗa mini wannan laƙabin, wa zai faɗa?

Inna, uwar mijina, ta saki salati daga cikin mata. Alhaji Mamman kuwa dariya har da buga sanda a ƙasa. "Madam, ƙara kira! Shekara talatin ban ji an kira shi haka da daɗi ba!"

Na ja mayafi na rufe fuska, na manta lasifika na kusa da bakina, duk ɗakin ya ji ina cewa, "Wayyo na shiga uku."

Baba ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, "To ai sai ki ƙarasa. Mi na ce ina so?"

Da hawaye na karanta, ina tuntuɓe a kowace kalma. Yana son a koya masa karatun boko tun daga farko. Ya gyaɗa kai, ya dubi Malama. "Ki sa mu biyu. Yadda take jan baƙaƙen nan kamar motar kamyo ta ɗauko kaya a hawa, ita ma ba ta kai ba. Da ta iya, da ta gani kahin ta hwaɗi."

Shi ke nan. A jumla ɗaya ya wanke ni daga rashin kunya, ya kuma tona ƙaryata a gaban unguwa. Malama dai ta rubuta wani abu a takardarta. Ajin karatun ya shiga tsarin, ranar Talata da Alhamis. Shi yana layin gaba, ni ina can ƙarshe kusa da ƙofa, ni kaɗai ce mai goyo a cikin masu furfura. Kwana tara na yi ina aika masa abinci ban iya kai masa da kaina ba. Inna kuwa har yau in mota ta wuce da gudu sai ta kalle ni ta kau da kai, kafaɗunta na rawa.

Na dai gane cewa faɗin "ban iya ba" kunyar minti ɗaya ce a gaban mutum ɗaya. Ni na ƙi ta, na ɗauko wadda ta fi ta a lasifika.

Don Allah, in za ku miƙa wa mutum takarda ya karanta a gaban jama'a, ku bar shi ya duba ta tukuna a gefe. In kuma matar aure ce, ku tambaye ta sunan surukinta. Ba za ta faɗa ba, amma za ta nuna muku katin.